Yaɓe Kafin Damina

Ƙarfe biyu na dare a Ƙofar Marusa.
An ɗauke wuta tun bayan isha'i,
batirin sola na ta nishi a lungu,
ni kuwa na ƙura wa sanarwa ido:
siga ta takwas saura wata huɗu.
Daga nan ba faci, ba jaje,
wanda ya zauna a kanta, shi da ƙaddararsa.

Akwai kalanda a bangon ɗakina,
ta masu taki, Kawu Rabe ya ba ni.
Ba ranar biki a ciki, ba ta suna,
sai da'irori da na zana da jan biro:
ran da sabuwa za ta fito,
ran da za a janye hannu daga tsohuwa.
Inna ta gani ta ce,
"Shafa'atu, wa zai mutu ran sha ɗaya ga wata?"
Na ce manhaja ce, Inna.
Ta riƙe haɓa. "Ikon Allah.
Abin da ya san ranar mutuwarsa ai ya fi mu gata."

Babana magini ne, Tanimu mai makuba.
Kafin hadari ya fara haɗowa gabas
yakan bi katanga da tafin hannu
kamar mai taɓa goshin yaro don zazzaɓi.
Tsagar da ko tsinke ba zai shiga ba
sai ya kwaɓa ƙasa dominta.
Yakan ce, "Gini tun da rani yake faɗuwa,
ruwa shaida kawai yake zuwa bayarwa."

Na kai maganar nan Rafin Daɗi,
kantin magani na Alhaji Sanda,
inda manhajata ke riƙe da lissafi,
da sunan kowane mai ciwon suga
da bashin da yake jin nauyin a sani.
Ya ce, "Me ya lalace?"
Na ce babu.
"To kuɗin mene ne?"
Na ce, Alhaji, kwaɗon ƙofarka lafiyarsa lau,
amma jiya an shelanta wa duniya
yadda ake buɗe irinsa da ƙusa.
Ya yi shiru. Ya juya carbi sau uku.
Ya biya rabi, ya ce sauran sai ya ga ɓarawo.

Shi ne nake zaune yanzu.
Na kwafe komai na ajiye gefe biyu,
don wanda maciji ya sara, tsumma ma tsoro yake ba shi.
Na ce bismillah, na danna.
Takwas ta koma tara,
abu uku suka karye nan take:
rasit ya fito da kwanan wata a juye,
shafin kaya ya yi fari fat,
wani ɗan ƙunshi da na jingina da shi shekara biyar
ashe mai shi ya daɗe da barinsa,
ko sallama bai yi ba.
Ban zarge shi ba. Kyauta ya yi,
wataƙila shi ma shayinsa sanyi yake yi kamar nawa.

Na ɗinke ɗaya, na ɗinke biyu.
Na ukun ya ci min data da sauran dare.

Ladan ya yi gyaran murya.
Gwaji ya koma kore, layi bayan layi.
Da hantsi yaron kanti zai buɗe kwamfuta
ba zai ga bambancin komai ba,
ladan aikin ke nan, in lada ne.
Alhaji ba zai ga ɓarawonsa ba,
ni ma ba zan ga cikon kuɗina ba.

Na ɗauki jan biro.
Ita ma tara an rubuta mata wa'adi,
kalandar Kawu ba ta kai can ba.
Na rubuta a jikin bango, can ƙasa,
kusa da inda yatsun Baba
suka bar sawu a yaɓen ƙarshe.